Taura Biyu a Baki Ɗaya

Tun ranar da muka dawo Minna da takardar digirinmu na uku, mutanen unguwarmu suka daina kiranmu da sunan yanka, suka koma kiranmu "Dakta". Mun yi iyakacin ƙoƙarinmu mu fahimtar da su cewa daktancin namu na adabi ne, watau na waƙa da zube da wasan kwaikwayo, ba mu taɓa riƙe sirinji ba balle mu tsira wa wani allura, amma a banza. Tsofaffi ba su fasa tare mu a ƙofar masallaci da takardun asibiti ba, suna neman mu duba musu abin da likita ya rubuta. Mu kuwa, da yake ɗan Adam da son girma yake, sai mu gyara zaman tabarau, mu karanta abin da ya karantu, mu faɗi abin da ya zo bakinmu. Shekara da shekaru wannan karambani bai ja mana komai ba, sai a azumin shekarar 2022, lokacin da ya kusa ja mana ran ƙanenmu. Da izininsa muke ba da wannan labari, bisa sharaɗin ba za mu ambaci sunansa ba. Saboda haka za mu kira shi da abin da mahaifiyarmu take kiransa, wato Auta.

Auta yana da shekara 24 a wancan lokaci. Ya gama difloma, ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya suɗe, daga bisani muka haɗa kuɗi muka saya masa Keke Napep. Kullum yana kan hanya, daga shataletalen Mobil zuwa Bosso, daga Tunga zuwa Chanchaga, ya dawo da dare yana ba mu labarin fasinjoji, gida ya kaure da dariya. Da mahaifinmu ya kwanta ciwon ajali a daminar 2021, Auta ne ya yi jinyarsa, kuma a hannunsa ya cika. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, kowa ya koma harkarsa, ban da Auta. Ya daina fita da keke. Ya daina cin abinci sai an matsa masa. Ƙarfe uku na dare yakan farka, ya zauna a bakin katifa har asalatu. In an yi masa magana sai ya dube ka kamar daga nesa yake hango ka. Wata rana ya ce mana, "Yaya, ni fa ji nake kamar an cire wa duniya gishiri." Muka yi masa nasiha irin wadda aka saba yi, muka tashi muka bar shi.

Harshenmu yana da arzikin kalmomin ɓacin rai: baƙin ciki, da damuwa, da ƙunci, da takaici, da zulumi, da alhini, da jimami. Mun sha koyar da ɗalibai bambancin da ke tsakaninsu a cikin waƙoƙin ta'aziyya da na bege. Amma duk waɗannan kalmomi suna nuni ne ga halin da yake zuwa ya wuce. Abin da ya sami Auta ya zo ya zauna, shi ne abin da likitoci suke kira ciwon damuwa. A wani rahoto na shekarar 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 7 ne suke fama da shi a Nijeriya. Duk da wannan yawa, a gidanmu kowa da sunan da ya ba shi. Wasu suka ce rashin tawakkali ne, wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ya gamu da iska a hanyar dare. Wani kawunmu kuwa cewa ya yi lalaci ne kurum, a yi masa aure ya warke.

A watan Janairun 2022, cikin hunturu, muka kai shi wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Muka ce ba ya barci, ba mu ƙara komai a kai ba. Aka rubuta masa wata 'yar ƙwaya mai suna amitiriftilin, a sha ɗaya da dare. Barci ya ɗan samu, amma bakinsa ya riƙa bushewa, cikinsa ya ɗaure, ƙuncin kuma yana nan inda yake. Ba mu san cewa wannan ƙwaya tsohon maganin ciwon damuwa ba ce, wanda ake amfani da shi tun farkon shekarun 1960. A wurinmu sunanta "maganin barci". Bayan mako shida, da muka ga babu canji, muka ɗauke shi zuwa wani gari, wurin likitan ƙwaƙwalwa. Mun zaɓi nesa da gida ne don kada wani idon sani ya gan mu, a ce ƙanen Dakta ya taɓu.

Likitan nan ya yi aikinsa yadda ya kamata. Ya zauna da Auta kusan awa guda, ya yi masa tambayoyi, daga ƙarshe ya ce, "Yana shan wani magani yanzu?" Kafin Auta ya buɗe baki muka riga shi, muka ce, "A'a, likita." Ya rubuta fuluksetin, wanda aka fi sani da sunan Prozac, a sha ɗaya kowace safiya. Ya gargaɗe mu cewa maganin ba ya nuna aikinsa sai bayan mako biyu zuwa shida, mu yi haƙuri, mu dawo bayan wata guda.

Da muka iso gida Auta ya fito da ƙwayoyin duka biyu ya ce, "Yaya, in bar na daren?" Inna, wadda ba ta taɓa kama sunanmu ba saboda kunyar ɗan fari, ta ce, "Ai ga mai ilimin nan, ya duba mana." Muka juya kwalayen, muka karanta abin da ba mu fahimta ba, muka ce, "Wancan na barci ne, wannan na damuwa, kowa da aikinsa. Ci gaba da su duka. Ai hannu da yawa maganin ƙazamar miya." Wannan karin magana da muka jefa, don mu rufe jahilcinmu da ita, ita ce har yau take hana mu sakewa in muka tuna.

Akwai kuma na uku da ba mu san da shi ba. Zaman keke ya bar wa Auta ciwon baya, abokan sana'arsa kuma sun daɗe da nuna masa tiramadol, wanda yake saye a wani kemis ba tare da takardar likita ba. Ba shi kaɗai ba ne. Binciken da aka yi a 2018 kan shan ƙwayoyi a Nijeriya, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wannan fanni, ya nuna cewa mutum miliyan 4.6 ne suke shan irin su tiramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba. Hukumar NAFDAC ta yarda ne da mai ƙarfin miligiram 50 da 100, amma wanda yake yawo a tasha har mai 225 akwai.

Wajen ƙarshen watan Maris sai Auta ya canza. Ya wanke kekensa, ya koma aiki, ya riƙa surutu ba ƙaƙƙautawa, yana tsara yadda zai sayi keke biyar ya zuba yara. Barcin awa uku ya ishe shi. Muka yi murna, Inna ta yi sadakar waina. Ranar komawa asibiti ta zo, muka ce mai lafiya me zai je yi wurin likita, ga tsadar mota. Ashe abin da muka ɗauka sauƙi ne, shi kansa alama ce da ya kamata a kai wa likita da gaggawa.

Azumi ya kama a farkon Afrilu, cikin tsananin zafin da duk mazaunin Minna ya sani. Auta ya mayar da aikinsa na dare, daga bayan tarawihi zuwa sahur. Don kada barci ya ɗauke shi a kan hanya, sai ya daina shan na daren a lokacinsa, ya riƙa haɗa su duka ya watsa a baki da sahur. Ran goma ga wata bayansa ya matsa masa, ya ninka tiramadol. Da hantsi ya fara zufa, muka ce zafi ne. Da azahar jikinsa ya ɗau rawa, ga zawo, ga zazzaɓi, muka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Kafin la'asar ƙafafunsa sun fara fizga da kansu, idanunsa sun buɗe tar, yana kiran mahaifinmu yana cewa a buɗe masa ƙofa. Mata suka fara salati, aka aika a kira mai ruƙiyya. Matarmu ce ta tsaya kai da fata ta ce a yi addu'ar a cikin mota, amma asibiti za a tafi.

Likitar da muka tarar yarinya ce, ba ta fi sa'ar ɗalibanmu na digiri na biyu ba. Ta taɓa shi, ta duba idanunsa, ta kama tafin ƙafarsa ta tanƙwara sama, ƙafar ta riƙa bugawa ita kaɗai. Ta juyo ta ce, "Malam, a koma gida a kwaso mini duk wani magani da yake ɗakinsa, har wanda ke cikin aljihunsa da cikin kekensa. Kada a bar ko ɗaya." Aka kawo su cikin baƙar leda, ta zazzage a kan tebur, ta ware uku gefe guda. Ta ce, "Wa ya ce ya haɗa waɗannan biyun?" Mun tsaya a gaban manyan farfesoshi mun kare kundin digiri, amma ba mu taɓa jin nauyin tambaya kamar wannan ba. Muka ce, "Mu ne." Ba ta yi mana faɗa ba, ta dai ce a tsayar da dukkansu, aka sa masa ruwa, aka yi masa allurar da za ta kwantar da jijiyoyinsa, aka riƙa sanyaya jikinsa, ana auna bugun zuciyarsa. Sai a kwana na huɗu ya dube mu ya ce, "Yaya, azumi nawa na sha?"

A waɗannan kwanaki, da kuma karatun da muka yi daga baya, muka fahimci abin da ya faru, kuma shi ne muke so mai karatu ya riƙe. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira sirotonin, ɗaya daga cikin 'yan aiken da jijiyoyi suke isar da saƙo da su. Masana ba su haɗu a kan cewa ƙarancinsa ne yake haddasa ciwon damuwa ba, amma an tabbatar cewa yawancin magungunan ciwon suna ƙara yawansa a tsakanin jijiyoyi. Fuluksetin yana ƙara shi, amitiriftilin yana ƙara shi, tiramadol ma, wanda kowa ya ɗauka maganin ciwon jiki ne kawai, yana ƙara shi. In suka taru suka yi masa yawa, sai jiki ya rikice da zufa, da makyarkyata, da fizgar gaɓoɓi, da zawo, da zazzaɓi, da gushewar hankali, galibi cikin awa 24 da ƙara magani. In abin ya yi tsanani yana kisa.

Daɗin daɗawa, akwai aikin hanta. Hanta ce take narkar da magani ta fitar da shi daga jiki, fuluksetin kuwa yana toshe hanyar da take bi ta narkar da amitiriftilin. Ke nan ƙwaya ɗaya da Auta yake sha tana taruwa a jininsa har ta zama kamar ya sha da yawa, shi kuwa amitiriftilin in ya yi yawa yana rikita bugun zuciya, yana kawo farfaɗiya. Ta wannan hanya dai hanta take juya tiramadol ya zama mai kashe zogi, saboda haka da ta toshe sai ya daina jin aikinsa sosai, ya riƙa ƙarawa. Bugu da ƙari, fuluksetin yakan yi makonni a jiki bayan an daina sha. Shi ya sa likitoci suke jiran mako biyar cur kafin su ba wanda ya bar shi wani rukuni na tsofaffin magunguna irin su fenelzin.

Ba mu ne farkon waɗanda wannan ya ci ba, kuma ba sai a ƙasar da likitoci suka yi ƙaranci ba. A watan Maris na 1984, wata ɗaliba 'yar shekara 18 mai suna Libby Zion ta rasu a wani asibiti a birnin Niyok na Amurka. Tana shan fenelzin, aka yi mata allurar fetidin, haɗuwar biyun ta zama ajalinta. Ƙarar da mahaifinta ya ɗaga ita ta kai ga dokar da ta taƙaita awoyin aikin ƙananan likitoci a wannan jiha a 1989.

Shi kuma wancan farin ciki na watan Maris, likita ya bayyana mana cewa maganin damuwa yakan ingiza wasu mutane ya wuce da su gona da iri, su koma rawar kai, da rashin barci, da ɓarnar kuɗi, musamman masu ciwon nan da yake kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa. Haɗa magani biyu yana ƙara wannan haɗari. Har ila yau, tun 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin waɗannan magunguna cewa suna iya ƙara wa yara tunanin halaka kansu a makonnin farko, a 2007 kuma ta faɗaɗa gargaɗin ya haɗa da duk wanda bai kai shekara 25 ba. Auta yana cikin wannan rukuni, kuma a daidai waɗannan makonni ne muka ɗauke ido daga kansa.

To, kada mai karatu ya zaci muna cewa haɗa magani biyu haramun ne a likitance. Ga abin mamaki: bayan Auta ya murmure, muka koma wurin likitan da muka yi wa ƙarya, muka faɗa masa gaskiya. Ya bari jikin ya wanke, ya tabbatar an rabu da tiramadol, ya fara shi da magani guda mai suna satiralin, yana ganinsa duk bayan mako biyu. Da aka yi wata uku sauƙin bai cika ba, barci kuma ya ƙi, shi da kansa ya ƙara masa na biyu, mirtazafin, kaɗan da dare. Da muka ji haka gabanmu ya faɗi, muka ce, "Likita, ba irin wannan ne ya kusa kashe shi ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, wancan ku kuka haɗa ba ku san abin da ke ciki ba. Wannan ni na haɗa, na san abin da nake tsoro, kuma zan riƙa dubawa."

Su kansu likitocin ba da garaje suke yin haka ba, domin hujjojin da ke hannunsu ba su taru a wuri ɗaya ba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum kimanin 4,000, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suke warkewa sarai da maganin farko. Wannan shi yake sa a nemi ƙari. Amma wani binciken na 2011, kan mutum 665, ya gano cewa fara wa majinyaci da magani biyu bai fi fara masa da ɗaya ba, har wani haɗin ya fi yawan illa. A Ingila ma, a 2018, an gwada ƙara mirtazafin a kan mutum 480, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Sai kuma a 2022 wasu masana a Jamus suka tattara nazarce-nazarce 39, suka ga cewa haɗin da ya ƙunshi irin su mirtazafin yana da ɗan fifiko. Abin da masana suke ta aunawa da sikeli haka, shi ne muka yanke wa hukunci a tsakar gida da karin magana guda.

A matsayinmu na ɗaliban adabi, mun daɗe muna koyar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, haifaffen Kagara a nan Jihar Neja, wanda aka buga a 1934. Jigonsa tafiya ce ta neman ruwa guda da zai warkar da ɗan sarki. Muna ganin wannan tunani yana nan daram a zukatanmu: cewa akwai wani magani a wani wuri, in aka same shi a sha yau a tashi gobe. In na asibiti bai yi ba cikin kwana uku, a ƙara da na kemis, a ƙara da na mai tallar magani a mota, a ƙara da jiƙo, kowanne ba a gaya wa ɗan'uwansa. Ciwon damuwa kuwa ba ya jin gaggawa. Maganinsa yana ɗaukar makonni kafin ya kama, ana ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan an sami sauƙi, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, sai dai likita ya riƙa ragewa sannu a hankali.

Kunya ita ce ta kai mu wani gari, ita ce kuma ta sa muka ce "a'a" a inda ya kamata mu ce "i", alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai a watan Janairun 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, mai ɗauke da sunan hauka tun daga takenta. Doka ta canza, saura zukata. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata suke zama a ƙauyuka tare da danginsu suna zuwa asibiti, domin ya gane cewa dangi wani ɓangare ne na magani. Haka ne kuwa, amma aikin dangi shi ne su zama idon likita da kunnensa a gida, su lura, su kai rahoto, su faɗi gaskiya. Rubuta magani ba ya cikin aikinsu.

Ga ɗalibanmu da abokan aikinmu, waɗanda muka san wasunsu suna ɗauke da irin wannan kaya a ɓoye, ga abin da muka saya da tsada muke ba ku kyauta. In za ku ga likita, ku tafi da ledar magungunanku gaba ɗaya, har da maganin tari, da na ciwon jiki, da na gargajiya. In azumi ya zo, ku tambaye shi yadda za ku jera su tsakanin buɗa-baki da sahur. In wanda ya fara magani ya kama zufa da makyarkyata da fizgar jiki da ruɗewa, a nufi asibiti a lokacin, addu'a ba ta hana tafiya. In kuma ya tashi daga ƙunci ya faɗa rawar kai, ko ya fara zancen mutuwa, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.

Auta yana nan lafiya. Ya sayar da keken, ya kama rumfa yana sayar da kayan masarufi, dariyarsa kuma ta dawo gidanmu, ko da yake takan yi tafiya wani lokaci ta sake dawowa. Tsofaffin unguwa ba su fasa tare mu da takardun asibiti ba. Kwanan baya wani dattijo ya miƙo mana kwalaye biyu ya ce, "Dakta, in haɗa su?" Muka karɓa da hannu biyu, muka mayar masa, muka ce, "Baba, namu daktancin na waƙa ne. Gobe da safe in Allah ya kai mu, mu za mu kai ka wurin mai abin." Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma ya nuna mana iyakar saninmu.